Suyar da Gobara ta Kora Titi: Tarihin Tempura a Japan

A farkon shekarar 1616, tsohon da ya fi kowa iko a Japan ya fita farauta da shaho, ya yada zango a fadar Tanaka da ke yankin Shizuoka na yau. Sunansa Tokugawa Ieyasu, yana da shekara 73, kuma shi ne ya kafa gidan sarautar sojan da ya riƙe ƙasar fiye da shekara 260. Wani attajirin Kyoto mai suna Chaya Shirojiro ya zo gaisuwa, hira ta kai ga abin da ake yayi a birni, sai baƙon ya ba da labarin kifin tai da ake soyawa cikin mai. Nan take aka sa kuku ya soya. Tsoho ya ci ya ƙara, cikin dare ciki ya murɗe masa, bayan kamar wata uku ya rasu a Sunpu.

Har gobe ana ba da wannan labari a Japan da cewa tempura ce ta kashe Ieyasu. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa ciwon dajin ciki ne ya yi ajalinsa, domin abinci ba ya ɗaukar wata uku kafin ya gama da mutum, suna kuma shakkar ko kifin nan ya ma cancanci sunan tempura. Abin da labarin ya tabbatar ɗaya ne: a wancan zamani, tsoma kifi cikin mai baƙon abu ne da har za a kai wa mai ƙasa labarinsa kamar tsaraba.

Baƙuntar tana da dalili. A 1543, shekarar da aka haifi Ieyasu, wani jirgin ruwa ɗauke da Turawan Fotugal ya faɗo tsibirin Tanegashima, suka shigo da bindiga. A 1549 Francis Xavier ya sauka a Kagoshima da wa'azin Katolika, a 1571 kuma aka buɗe wa Turawan Fotugal tashar Nagasaki. Fatake da 'yan mishan suka zauna, kuma duk inda mutum ya zauna da tukunyarsa yake zama. 'Yan Katolika suna da ranakun da ba sa cin nama, a ranakun sai su koma ga kifi da ganye, su tsoma a ƙullun fulawa su soya. Har yau a Fotugal ana soya koren wake haka, ana ce masa peixinhos da horta. Japanawa sun riga sun san suya, domin tun ƙarnoni da suka shuɗe sun karɓi wasu soyayyun kayan maƙulashe daga Sin, kuma wuraren ibadar Buddha suna soya kayan lambu. Sabon abu shi ne rigar ƙullun nan da ake sa wa kifi.

A 1639 gwamnatin Tokugawa ta kori Turawan Fotugal kwata-kwata, bayan ta riga ta haramta addininsu, daga baya ta bar wa Turawan Holan ɗan tsibirin Dejima kawai su riƙa ciniki. Bindiga ta zauna, suya ma ta zauna. Ta Nagasaki mai kaurin ƙullu ce, ana zuba masa sukari da gishiri tun kafin ya shiga kasko, ana ci ba tare da romo ba. Daga can ta bi hanya zuwa Kyoto da Osaka, sannan ta isa Edo, birnin da yanzu ake kira Tokyo, inda ta zama abin da duniya ta sani.

Edo birni ne na katako da takarda. Gidaje a manne suke da juna, iskar hunturu busasshiya ce, gobara kuwa ta zama kamar haraji. Ta shekarar 1657, wadda ake kira gobarar Meireki, ta cinye mafi yawan birnin, an ƙiyasta mutum kusan 100,000 suka mutu. Bayan irin wannan masifa, hukuma ba ta wasa da wuta a cikin gida, kuma babu abin da ya fi kaskon mai mai tafasa haɗari a ɗakin da bangonsa takarda ne. Suya da mai mai yawa ta zama sana'ar waje, ta rumfunan da ake kira yatai, waɗanda ake kafawa a gindin gadoji da ƙofar wuraren ibada da bakin kasuwa.

Masu saye kuwa ga su nan birjik. Tun 1635 doka ta wajabta wa sarakunan larduna su riƙa zaman Edo shekara guda, su koma gida shekara guda, kowa da ayarin dakarunsa. Bayan kowace gobara kafintoci da magina da leburori suna kwararowa daga ƙauyuka don sake gini. Zuwa ƙarni na 18 mutanen birnin sun haura miliyan ɗaya, maza sun rinjayi mata nesa ba kusa ba, kuma yawancinsu gwauraye ne da ba su da mai dafa musu. Wannan taron mayunwata shi ya raya abinci uku da Edo ta yi suna da su: taliyar soba, sushi, da tempura. A daidai lokacin kuma noman natane, wani tsiro mai rawayan fure da ake matse mansa don fitila, ya bunƙasa, man riɗi ma ya yawaita, mai ya sauko daga abin sarakuna zuwa abin da mai rumfa zai iya cika kasko da shi.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai ƙosai da sassafe, yana jira a tsamo masa daga kasko, ya san yanayin. Mai rumfa yana soke kifi ko jatan lande a tsinken gora don kada hannu ya yi maiƙo, mai saye yana tsaye, ya ɗauki tsinke ya tsoma a babban kwanon romo da kowa ke tsomawa, ya haɗa da gurzajjen daikon, wata farar saiwa mai kama da ƙaton karas da ke yanke maiƙo. A kuɗin lokacin da ake kira mon, tsinke ɗaya yakan kama daga mon 4 zuwa 6, a zamanin da kwanon soba yake mon 16. Abincin talaka ne tsantsa. Masu zanen wancan zamani sun bar hotunan samurai a gaban rumfa ya rufe fuska da ƙyalle, yana ci yana gudun a gane shi.

Kifin daga mashigin tekun da ke gaban birnin yake fitowa, shi ya sa ake ce wa salon Edomae, wato na gaban Edo. Kitagawa Morisada, wanda ya fara rubuta babban kundinsa kan al'adun birane a 1837, ya lissafa abin da ake soyawa: anago, kifi mai siffar maciji, da ƙananan jatan lande na Shiba, da kohada, da naman kumba. A wurin mutanen Edo tempura ta kayan ruwa ce kawai. In ganye ko dankali aka soya, wani suna daban ake ba shi, kuma ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Wannan raini zai daɗe fiye da shekara ɗari kafin wani ya karya shi.

Masu kuɗi ma suna so, amma ba sa son a gan su a titi. A ƙarni na 19 aka ƙirƙiro musu kinpura, wadda ake kwaɓa ƙullunta da gwaiduwar ƙwai, lokacin da ƙwai ke da tsada, ta fito rawaya kamar zinariya. Dab da faɗuwar gidan Tokugawa wasu masu suya suka fara ɗaukar kasko da mai da ɗanyen kifi zuwa gidajen manya, su soya a gaban mai gida da baƙinsa. Shaguna masu rufi da ƙofa ma suka fara bayyana. Sansada da ke Asakusa tana ƙirga tarihinta daga 1837, Tenkuni ta Ginza daga 1885, Daikokuya ta Asakusa daga 1887. A irin waɗannan wurare aka saba da tendon, tempura a kan shinkafa da romo mai duhu da ɗan zaƙi, wadda har yau mutane ke yi wa layi a Asakusa.

Sai dai shigar tempura ɗaki ta zo da matsala. Abin da ya fito daga mai yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kafin suracin da ke cikinsa ya jiƙa rigarsa. In aka soya a madafa, aka jera a faranti, mai hidima ta bi dogon baranda ta durƙusa ta buɗe ƙofa, kafin ya isa gaban baƙo ya riga ya yi laushi. Attajiri a ɗakinsa na alfarma yana cin abin da bai kai na leburan da ke tsaye a gindin gada daɗi ba. Duk tarihin tempura mai tsada daga nan ƙoƙari ne na dawo da kusancin da ke tsakanin kasko da baki, wanda rumfa ke bayarwa a kan mon 4.

Ranar 1 ga Satumba 1923, dab da tsakar rana, lokacin da ake hura wutar abinci, girgizar ƙasa ta afka wa Tokyo da Yokohama, gobara ta biyo baya, fiye da mutum 100,000 suka halaka. Kasuwar kifi ta Nihonbashi ta ƙone, abin da ya kai ga buɗe ta Tsukiji a 1935. Masu suyar da suka rasa shaguna suka tafi Osaka da Kyoto neman aiki, daga baya kukun can suka shigo Tokyo da ake sake ginawa. Salo biyu suka gauraya. Na Edo yana amfani da soyayyen man riɗi mai ƙamshi da duhu, wanda ke danne ƙarnin kifi, ana ci da romo. Na yamma ya fi son mai marar ƙamshi irin na angurya, suya fara sol, ana dangwala gishiri. Abin da manyan gidaje ke yi yau ɗan wannan aure ne.

A 1930 Yabuki Isao ya buɗe Ten-ichi, wadda daga baya ta kafu a Ginza, ta kuma yi suna da zaunar da baƙi a kanta, kuku na tsaye a gabansu yana miƙo abu ɗaya bayan ɗaya. Rumfa ce aka shigar cikin gini, aka yi mata kujeru da katako mai kyau. Daga baya gidan ya zama wurin da ake kai manyan baƙin ƙasa, ciki har da Bill Clinton da Mikhail Gorbachev. Amma baƙon da ya fi tallata tempura a wancan zamani ɗan wasan barkwanci ne, Charlie Chaplin, wanda ya zo Japan a watan Mayun 1932 ya haukace a kan soyayyen jatan lande na gidan Hanacho. Ziyarar ta kusa zama ajalinsa. Ranar 15 ga Mayu wasu matasan hafsoshin ruwa suka harbe firayim minista Inukai Tsuyoshi a gidansa, kuma sunan Chaplin na cikin waɗanda suka yi niyya. Ya tsira ne don ya tafi kallon kokawar sumo tare da ɗan firayim ministan.

Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da mai abin rabo da kati, tempura ta koma abincin biki. A 1949 hukumar mamayar Amurka ta ba da umarnin kwashe rumfunan titi a Tokyo, abin da ya ƙarasa tura sana'ar cikin gini. Tekun gaban birnin ma ya canja: cike gaɓa da ƙasa da dattin masana'antu suka kori kifi, har a 1962 masuntan Tokyo suka sallama haƙƙinsu na kamun kifi a can. Jatan landen kuruma, sarkin kanta, ya tsira ne albarkacin binciken Fujinaga Motosaku, wanda ya shafe shekaru yana gano yadda za a kiwata shi daga ƙwai. Yau kalmar Edomae ta fi nuni da salon aiki, kifin kuwa daga sassan Japan daban-daban yake zuwa kasuwar Toyosu, wadda ta gaji Tsukiji a 2018.

Mutum biyu da aka haifa bayan yaƙin su suka ba sana'ar kamanninta na yanzu. Saotome Tetsuya, haifaffen 1946, ya shiga koyon aiki yana ɗan shekara 15, ya buɗe Mikawa a 1976, sannan Mikawa Zezankyo a 2009. Shi ne ya yi fice wajen bayyana cewa aikin mai shi ne cire ruwa. Man yana tsakanin digiri 170 zuwa 190, amma muddin akwai ruwa a cikin kifin, zafin cikinsa ba zai wuce 100 ba, don haka a cikin rigar ƙullu turara shi ake yi. Inda ruwan ya ƙafe kuwa, zafi ya haura, wurin ya gasu. Gwani shi ne wanda ya san wane sashe zai turara, wane zai gasa, kuma a wace daƙiƙa zai tsamo.

Kondo Fumio, haifaffen 1947, ya shiga otal ɗin Yamanoue da ke Kanda a 1966, wurin da marubuta suka mayar gida, kuma yana ɗan shekara 23 aka damƙa masa madafar. Shi ne ya kawo kayan lambu kan kanta, tsofaffin gwanaye suna masa dariya cewa abincin gida yake sayarwa. Bai fasa ba. Ya riƙa bin manoma har gona, a 1991 ya buɗe gidansa a Ginza. Abu biyu suka fitar da shi. Ɗaya karas ne da ake yankawa siriri kamar zare, a watsa a mai, a tattaro shi tsibi guda mai zaƙi. Ɗayan dankali ne mai zaƙi, irin wanda ake kira dankalin Hausa, a yanka shi da kauri kamar gwangwani, a juya shi cikin mai kusan rabin sa'a, a naɗe a takarda ya ƙarasa nuna da zafin jikinsa. Mai son sa sai ya faɗa tun farkon zama. A yau babu wani babban gidan tempura da zai jera abinci ba kayan lambu, kuma wannan nasarar Kondo ce.

Wanda ya shiga irin wannan gida a yau zai tarar da kujeru takwas ko goma a jere, gaban kowa da ɗan faranti mai farar takarda, da gishiri, da romon tentsuyu, da daikon. Ba a cika zaɓen abinci ba, ana bar wa kuku ne, tsarin da suke kira omakase. A gabansa akwai kaskon tagulla ko na ƙarfe da kwanon ƙullu. Fulawar mai taushi ce, an tankaɗe ta an sanyaya, ruwan da ƙwan ma masu sanyi ne, kuma sau kaɗan yake juyawa da sanduna masu kauri, ya bar gudaji da gangan, domin in aka buga ƙullu sosai yakan yi danƙo, rigar ta yi nauyi. Kaɗan-kaɗan yake kwaɓawa, yana ƙara ruwa ko gari gwargwadon abin da zai soya. Ba ya duba agogo. Kunne yake kasawa: kumfa manya masu ƙara na nufin ruwa na fita, in ƙarar ta koma siririya aiki ya yi. Man ma ana sauya shi a tsakiyar zama tun bai gaji ba, kuma wannan na daga cikin abin da ake biya.

Kusan ko'ina da jatan lande ake buɗewa. Da ransa ake kawo shi, a fara miƙo kansa da ƙafafunsa soyayyu rumus, sannan jikin, wanda ba ya cika minti ɗaya a mai, tsakiyarsa na nan da ɗumi da zaƙi. Sai kisu, ɗan farin kifi da ake buɗewa kamar mafici, sai ika mai hannuwa goma, sai kayan lambun da yanayi ya kawo. Kusa da ƙarshe anago ke zuwa, wanda ya fi kowa daɗewa a mai, kuku ya ɗora shi gaban baƙo ya datse shi biyu da sanduna, ƙas, suraci ya tashi. Ana rufewa da kakiage, curin ƙananan naman kumba ko jatan lande, a kan shinkafa da romo ko a kwarara masa koren shayi. Ladabin wurin shi ne a ci da zarar an ajiye. Mai tsayawa ɗaukar hoto ko dogon surutu yana ɓata aikin da ya biya yen 20,000, wani wurin ma ninkin haka. Musulmin da ya je ya san cewa romon tentsuyu da na tendon ana haɗa su da mirin, wanda ke da barasa a ciki, don haka gishiri da lemon tsami sun fi masa kwanciyar hankali.

Da kundin Michelin na Tokyo, mai ba gidajen abinci taurari, ya fara fita a Nuwamban 2007, gidajen tempura sun shiga ciki, daga baya Kondo ya samu taurari biyu, a bugun 2011 kuma wani ɗan ƙaramin gida a Ginza, 7chome Kyoboshi, ya kai uku. Tauraro ya kawo baƙi daga ƙasashen waje, ya tsawaita jiran kujera zuwa makonni, ya ɗaga farashi. A ɗaya gefen kuma talaka bai rasa rabonsa ba. A 1989 kamfanin Tenya ya buɗe shagonsa na farko a ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa ta Tokyo, da injin da ke jan tempura cikin mai a kan bel, yana sayar da tendon a kan yen 500. Otal ɗin Yamanoue, inda Kondo ya koyi aiki, ya rufe ƙofa a Fabrairun 2024 saboda tsufan gini, daga baya Jami'ar Meiji ta saye shi.

Man da ke cikin kaskon yana da nasa labarin, kuma ya shafi manomin arewa kai tsaye. Manyan gidajen Tokyo sun fi amfani da man riɗi, sau da yawa haɗin wanda aka matse daga ɗanyen riɗi, fari marar ƙamshi da suke kira taihaku, da ɗan soyayye don ƙamshi, kowane kuku da ma'auninsa. Japan kuwa kusan ba ta noma riɗi, fiye da kashi 99 cikin 100 na abin da take ci shigo da shi ake yi, kuma wanda ake matsewa ya zama mai yawancinsa daga Afirka yake zuwa. Najeriya ta daɗe a sahun gaba cikin masu sayar mata, tare da Tanzaniya da Burkina Faso. Riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, a auna a kasuwanni irin ta Maigatari, a tace a Kano, a loda a Legas, wani kasonsa a matatun man Japan yake sauka. Tun 2006 ƙasar ta tsaurara dokar ragowar maganin ƙwari a kayan abincin da ake shigo mata da su, kuma kayan da suka haura ma'auni ba sa wuce tashar jirgi, shi ya sa dillalan da ke saye don kasuwar Japan suke tsananta tambaya kan irin feshin da aka yi a gona da yadda aka adana buhunan.